Wadda Aka Tsallake

A Jikwoyi na girma, a wani gidan haya mai ɗakuna jere, lokacin da wuta ke zuwa mana kamar baƙuwa. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ta baro Zariya ta zo zama da mu, kuma ta ce ita da risho har abada. Murhu ta kafa a tsakar gida. Bayan magariba, in an sauke tuwo, sai ta tura masara cikin garwashi, mu yaran gidan mu kewaye ta, da 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kowa da Hausarsa. Ta gyara zani ta ce ga tatsuniya nan tafe, a matsa mata wuri, mu ce ta iso muna ji.

Tatsuniyoyin Iya na dariya ne, mai haɗama ya sha duka, maƙaryaci ya ji kunya, mu tashi muna kwaikwayon muryarta. Guda ɗaya ce ba haka ba, kuma har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Ta ce a wani gari na bakin kogi an ga alamar ambaliya, sai sarki ya kira wani ɗan aike mai ƙafa, ya lissafa masa sunayen mutanen gari, ya ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu su hau tudu. Mutumin akwai dabara. Ya ɗebi toka a ƙwarya, duk ƙofar da ya yi sallama sai ya shafa mata, don kada ya ɓata lokaci wuri ɗaya sau biyu. Da ya zo kan sunan wata Tani, ya tambayi ƙofarta aka nuna masa, ya ga toka a jiki, ya wuce suna na gaba. Ashe Tani baƙuwa ce, an ba ta aron ɗaki can ƙuryar gidan wasu, ƙofarsu ɗaya. Masu gidan sun ji sun fita da gudu, kowa na zaton an gaya mata. Ruwa ya zo.

Iya ta juya masara. Muka jira, muka jira. Na ce, "Iya, sai wa ya cece ta?"

"Wa zai cece ta, Jummai? Ai ba wanda ya san an tsallake ta."

Na ce to ɗan aiken fa, an kama shi ko? Ta ce riga sarki ya ba shi, don ba a taɓa ganin mai sauri irinsa ba. Wata yarinya ta fashe da kuka, uwata ta leƙo tana faɗa wai wannan wace irin tatsuniya ce ake ba yara. Iya ko a jikinta, ta karya masara ta raba mana. Ni dai ban iya ci ba, haushinta nake ji sosai.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu, na yi karatun kwamfuta, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajojin yanar gizo. Aka ba ni aikin wani asibitin haihuwa a wajen Kubwa. In sakamakon gwaji ya fito bayan mace ta tafi gida, kuma likita na son ganinta da gaggawa, manhajata ce ke tura mata saƙon waya. Da yaren kwamfuta na JavaScript na rubuta ta. Akwai abin da muke kira madauki, wato ka sa kwamfuta ta bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya tana maimaita aiki guda. Akwai kuma umarnin continue, wanda in ta ci karo da shi sai ta bar sunan da take kai ta wuce na gaba, ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙorafi ba.

Masu rajista kan shigar da mace ɗaya sau biyu, sai mata suka fara gunaguni saƙo na damunsu. Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Na ƙara layi biyu: in an riga an tura wa lamba saƙo yau, a tsallake. Oga ya yaba mini a gaban kowa, ni kuwa har da ɗaga kafaɗa.

Wata ranar Talata da hantsi Sista Rahila, babbar nas ɗin asibitin, ta kira ni. Muryarta ba yadda na saba ji ba. Ta ce akwai wata Talatu mai ciki wata takwas, gwajinta ya nuna haɗari, an sa a kira ta tun makon jiya, ba ta zo ba. Yau aka kawo ta a keke napep tana jijjiga. Ita an samu kanta, ɗan bai zo da rai ba. Ta ce in duba mata ko saƙon ya fita.

Na buɗe manhajar. Sunan Talatu na cikin jerin ranar, amma babu saƙo. Lambar wayar da ta bayar, wata mata daban ma ta bayar da ita, kuma waccan ce a sama. Innalillahi. Na sake dubawa na ga mata huɗu ne ke kan lambar nan. Ta wani Malam Lawal ce, Bakatsine mai shago a bakin layinsu, marasa waya duk tasa suke bayarwa. Da na je wurinsa ya nuna mini wayar, ya ce wallahi duk saƙon da ya shigo da ƙafarsa yake kai wa mai shi, na Talatu dai bai gani ba. Ni da na tashi a gidan da mutum goma ke amsa kira a wayar maƙwabci, ni ce na rubuta cewa lamba ɗaya mutum ɗaya ce.

A ranar na gyara. Yanzu sai suna da lambar katin asibiti sun zo ɗaya ake tsallakewa, kuma duk wadda aka tsallake sunanta na fitowa a gaban nas. Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ina yarinya na ɗauka mugunta ce kawai ke kashe mutum. Sai da na girma na gane aiki mai tsabta ma yana yi, in mai yin sa bai waiwaya ya ga wa ya bari a baya ba.

Bayan kwana uku na je asibitin. Talatu na kwance, siririya, 'yar wajen Kafanchan, tana magana a hankali. Da Sista Rahila ta ce ga mai kula da saƙonni, sai Talatu ta yunƙura za ta tashi, ta ce in yi haƙuri, laifinta ne da ba ta dawo da wuri ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gaya mata likita ya neme ta, saƙon ne bai fita ba, kuma ni ce sanadi.

Ta kalle ni ta ce, "To anti, ai ba ki san ni ba."

Na ce mata haka ne, ban san ta ba. Na ja kujera na zauna, na tambaye ta sunan da ta so sa wa yaron.