Goyon da Na Ɗauko a Randa

Jama'a, yau na yi goyo ban haihu ba!

Da hantsi na shiga ɗakin ajiya ɗebo gero, a gidanmu na Jajaye. Karnukan maigida suka tare ƙofa suna ta haushi. Ina buɗe tsohuwar randa, sai ga idanu koraye shar suna kallona daga cikin duhu! Wallahi kamar a mafarki, har haushin na daina ji.

Inna, surukata, ta leƙo ta ce, "Mutum ko aljan?"

Sai muka ji "miyau" can ƙasa-ƙasa. 'Yar kyanwa ce, duk ta rame.

Na ce, "Inna, in na fito da ita yaga ta za su yi."

Ta ce, "Goya ta. Karnukan nan ba sa kula mai goyo."

Na ɗaure ta da zani, na yafa mayafi, na ratsa su. Suka sunsuna, suka kauce!

A ƙofar gida maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa: "Amarya, yaushe? Mace ko namiji?"

Kafin in amsa, wutsiya ta zuro ta ƙasan zani!

Har yanzu ban kwance ta ba. Ta yi barci, ɗuminta na ratsa bayana.