Ranar da Nama Ya Yi Mini Zaƙi

Shekarun baya, lokacin korona, muna haya a kusa da unguwar Chow Kit, a ƙasar Malesiya. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, ni kuma ina fama da tukunya. Boko ban yi nisa ba, yawo kuma ba ya cikin tsarina. Ni ke yi wa ɗalibanmu 'yan Najeriya tuwo da miyar kuka, ranar Juma'a waina, su zo su yi tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi. Ban taɓa auna gishiri da cokali ba. In ɗiga miya a tafin hannu in lasa, na san abin da ya rage.

Sai ciwon ya kama ni. Zazzaɓin bai wuce mako ba, amma ya tafi da hancina da harshena. In shinshina daddawa kamar na shinshina bango. Barkono sai dai in ji raɗaɗi. Wata uku ina haka ban gaya wa kowa ba, har maigida. Da ka nake girki, ina satar kallon fuskarsa in gane ko gishiri ya ji. Ranar da wata ɗaliba ta ce mini a waya, “Anti, miyar jiya lafiya kuwa?” banɗaki na shiga na yi kukana. Ga maƙwabciyata ta ba ni labarin wata da harshenta ya dawo a karkace, komai ta ci sai ya yi mata ɗanɗanon wani abu daban. Labarin nan ya hana ni sukuni.

Da aka sassauta kulle, maigida ya aro motar abokinsa.

“Hajiyata, yau ke za a dafa wa.”

“Me tukunyata ta yi maka?”

“Ba komai. Hutu take so.”

Muka yi tafiyar awa guda zuwa wani ƙaramin gari, wani ɗan gidan abinci mai tebur huɗu. Mai wurin dattijuwa ce 'yar Malesiya, ta yi zaman aure a Suwidin, da mijin ya rasu ta dawo gida tana dafa abincin can. Aka auna mana zafin goshi, muka nuna shaidar rigakafi. Maigida ya tambayi naman, ta ce na saniya ne, yankan Musulmi.

Aka kawo faranti. Curin nama ƙanana kamar ƙosai, dankali dakakke kamar tuwon da bai kama jikinsa ba, da wani romo mai madara. A gefe kuma ga wani jan abu mai kauri. A raina na ce, ashe su ma Turawan can sun san yaji. Tunda raɗaɗin barkono kaɗai ya rage mini, na dangwalo shi da yawa na kai baki.

Zaƙi na ji. Zaƙi da ɗan tsami, kamar zoɓon da aka cika wa sukari, a kan nama.

Cokalin ya suɓuce mini. Na ce shi ke nan, labarin maƙwabciya ya zo kaina, girki ya ƙare.

“Lafiya?” in ji maigida.

“Malam, harshena ya lalace. Wata uku ba na jin ɗanɗanon komai, yau kuma barkono zaƙi yake yi mini.”

Ya zuba mini ido. Sannan ya dangwali jan abin da curinsa ya tauna. Na ga fuskarsa ta yamutse.

“To ai mu biyu ne muka lalace. Wallahi zaƙi ne.”

Ya kira dattijuwar. Tana dariya a bayan takunkumi tana bayani, shi yana fassara mini. Wai ba yaji ba ne, wasu ƙananan 'ya'yan itace ne ake dafawa da sukari, kuma da shi mutanen Suwidin ke cin nama tun kakanninsu.

“Da gangan?” na ce. “Suna sane?”

“Makan lah,” ta ce, wato in ci kawai.

Ina cikin mamakin mutanen da ke zuba wa nama sukari sai abin ya faɗo mini: ai ni ce na fara jin zaƙin. Na jawo gishirin teburin na zazzaga a tafin hannu na lasa. Gishiri ne, sak. Na fashe da kuka, baiwar Allah ta rikice tana ba ni haƙuri, ta ɗauka abincinta ne bai yi ba.

A mota maigida ya ce, “Dama na san da wani abu. Wata uku ina haɗiyar gishiri ina cewa Alhamdulillahi.”

“Shi ne ba ka faɗa ba?”

“Ke kin faɗa?”

Har yau ban yarda a haɗa nama da zaƙi ba, wannan sai su. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne mu biyu a ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kar ya ɓata masa rai. Yanzu in kaina ya yi ciwo ma sai na faɗa. Shi ma ya koyi faɗar gaskiya, har ta so ta yi yawa. Jiya ya ce miyata ta yi salam. Na ɗiga a hannu na lasa, sai na ɗauko gishiri.