Kifin da ke cikin dutsen Hafsat

Iyaye mata, ku riƙa duba jakar 'ya'yanku!

Jiya a gidanmu na Tirkaniya na tsinci dutse mai ƙashin kifi a jakar 'yata Hafsat, mai karatun ilimin duwatsu. Na ɗauka sammu aka yi mata.

Ta ce, "Haba Umma! Tsohuwar laka ce ta daskare da kifin a ciki. A Sakkwato na haƙo shi don aikin makaranta, ƙarƙashin wata gaɓa. Da yatsa ma dutsen gaɓar marmashewa yake."

Na ce, "Mai marmashewar kika shiga ƙarƙashinsa?"

Ai kifin ma haka ƙasa ta rufe shi.

Ku ce na cika tsauri in kun so. Daga yau, 'yata ba ta ƙara shiga rami neman maki.