Kawu Barau da Takardun Kan Hanya

Duk wanda ya san Kawu Barau na Yako ya san ba ya tsallake takarda. Mu idan mun tsinta, dubawa muke ko da sunan Allah a jiki, mu soke ta a danga. Shi kuwa sai ya tsuguna a tsakiyar hanya ya karance ta tas, ya cusa a hula. Allo ya sauke tun yana yaro, boko kuwa sai da furfura ta fito ya shiga ajin manya.

Na yi fatauci har Kumasi da Fort Lamy ta ƙasar Chadi, na zauna da malaman Khartoum masu ɗakuna cike da littattafai. Ban ga mayunwacin karatu kamar ƙanin mahaifiyata ba.

Wata shekara na kawo masa takalmi naɗe a jaridar Faransanci. Ya ture takalmin, ya shimfiɗa jaridar.

"Ɗan nan, fassara mini."

"Kawu, tallan tayar keke ne fa."

"To, ni na taɓa sanin Faransawa na tallan taya? Ci gaba!"

Ran kasuwar Kiru ya hau jaki yana karanta wani ɗan littafi kan cututtukan awaki. Da ya ɗaga kai, sai ga shi a Dangora, ƙofar gidan da aka sayo jakin! Aka yi ta dariya. Ya ce, "Kowa ya je inda yake so. Ni ma na kai ƙarshen littafin."

Abu ɗaya yake tsoro, idonsa, don yanar ido ta fara rufe shi. Na kawo tabarau daga Kano, bai yi ba. Kawu ya daina raha, ya zauna a zaure yana shafa takardu da yatsa.

Sai ya tasa matarsa Inna Hajo gaba, wai sai ta koyi karatu. Shi ba ya ganin baƙin sosai, a ƙasa yake zana mata manya-manya da sandarsa.

"Malam, da jikoki zan fara a, ba, ca?"

"Ni da na fara, jariri ne?"

Kai, an sha faɗa a gidan nan! Amma kafin kaka ta zagayo, na shiga gaishe su na tarar tana jan jarida kalma-kalma, shi ya karkato kunne. Tana zuwa inda labari ya yi daɗi sai ta ninke.

"Haba Hajo! Sai me ya faru?"

"Sai ka cinye tuwon nan tukuna."

Haka ta riƙa karanta masa har jinyarsa ta ƙarshe, bai rasu yana kewar komai ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa Inna da ta zame masa ido. Amin.