Aljihu Goma na Gwaggo Talatu

A yi shiru, a gyara zama, mai tari ya haɗiye tarinsa! Ga ta nan tafe: Gwaggo Talatu ta Kona, shugabar masu ƙuli-ƙuli ta ƙasar Tasawa da kewaye, darektar bankin da ba shi da ƙofa sai murfin langa, mai azurfa bakwai, mai haƙora bakwai. Ni kuma da na ɗauki biro don in shigar da ita tarihi, Mudassir ne, ɗan ƙanenta Mamudu, Allah ya jiƙansa. Na yi lakwal, wato boko, har sankiyam, aji biyu na sakandare, aka ce in maimaita, na ce abin da na riga na gani ba na sake kallonsa. Yanzu kabu-kabu nake yi tsakanin Kona da Tasawa, ranar da babur ya ga dama.

A Kona aka haife ta, aka kai ta aure wajen garin Mayahi, miji ya rasu, ta dawo gida da turmi ɗaya da ɗa ɗaya, Bilal. Da matsar man gyaɗa ta raine shi. Har yau in ta shafa kanka, kwana biyu kana ƙanshin ƙuli.

Shekara tara ke nan da Bilal ya hau motar Agadas ya yi arewa. Bai tsaya ba sai wani birni na bakin teku, inda ya samu aiki a kantin wani Balarabe mai sayar da zinariya da kuɗaɗen tarawa. Da shekara ta zagayo, Danda, direban da ke bin hanyar, ya kawo wa Gwaggo wani ɗan ƙunshi. A ciki akwai kwandala ɗaya ta azurfa, faɗinta ya kai bakin kofin shayi, da hoton raƙumi a jiki, an rufe ta ruf cikin roba mai kama da gilashi. Da yamma Bilal ya kira ta salulata, don Gwaggo ba ta da waya.

"Inna, wannan ba kuɗin cefane ba ne," in ji shi. "Kaɗan ake bugawa don tunawa da wani abu, masu tarawa su saya su ajiye. Kowace shekara zan aiko ɗaya. Ran da suka cika goma, ni ma na dawo, mu sayar mu gina miki ɗakin siminti. Amma don Allah kada ki buɗe robar, kada ki taɓa da hannu."

Gwaggo ta ce to. Ta yanki gefen zanenta mai kyau, ta ɗinka aljihu goma a jere, ta sa raƙumi a na farko, ta naɗe, ta saka a langar da ke can ƙarƙashin jerenta.

Kwana uku wannan "to" ta yi. A na huɗu ta sa wuƙa ta ɓalle robar.

"Azurfa ce ko ɗan kaso?" ta ce da ni. "Ko numfashi ba ta yi."

Tun daga nan kowace Juma'a da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, ta fito da toka mai laushi da ruwan tsamiya, ta goge kwandalar kamar yadda take goge awarwaronta. Na ɗauko 'yar takardar da ke zuwa da ita, na karanta mata da Faransancina mai ɗingishi: ne pas nettoyer. Na ce ma'anarsa kada a goge, in an goge daraja ta zube.

"Takardar nan ta taɓa haihuwa?" ta ce. "In na bar kayan ɗana suka yi baƙi, a ce ba shi da uwa?"

Haka suka riƙa zuwa. Bayan raƙumi, jirgin ruwa. Bayan jirgi, masallaci, sai dabino, sai barewa, sai wani tsoho mai gemu da ba mu san shi ba, Gwaggo ta raɗa masa suna Malam Shiru. Na bakwai tsuntsu ne. Ba ta san shekarun boko ba, da hotunan nan take lissafin duniya: jikar maƙwabciyarta shekarar jirgi aka haife ta, rumbun gidanmu shekarar barewa ya faɗi. Raƙumi da ya fi kowa shan toka har tozonsa ya shafe. Kullum Bilal ya kira ya tambaya ko suna nan cikin robarsu, sai ta ce, "Suna nan lafiya ƙalau." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma amsa tambayar ba.

Bayan tsuntsu ba abin da ya sake zuwa. Danda ya bar hanyar arewa, ya koma lodin albasa. Lambar Bilal ta daina shiga. Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, aljihu na takwas yana nan a shafe kamar kumatun Gwaggo.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Aiki kawai ta ƙara wa Juma'a: in ta gama guga sai ta ce in danna lambar. Wata mata ce ke amsawa da Faransanci, ta ce ba a samun wanda kuke nema. Gwaggo ta sa mata suna Madam. Takan karɓi salular da hannu biyu, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Madam, mun gode. In kin gan shi ki ce gyaɗa ta yi kyau bana." Sannan ta zura yatsa cikin aljihu na takwas ta juya, wai kada bakinsa ya manne.

Wannan yatsan ne ya hana ni sakat. Ranar kasuwar Tasawa na sauke wani fasinja a layin maƙeran fari, na tsaya ina kallon Abdulmumin, tsohon Buzun da ya ƙera wa rabin matan ƙasar nan kayan aurensu. Na dubi hannuna. Zoben azurfar babana ne a yatsana, ƙato mai nauyi, shi kaɗai na gada ban da taurin kai. Na zare shi.

"Baba Abdulmumin, kwandala nake so. Mai faɗi, da zaki a jiki."

"Ka taɓa ganin zaki?"

"A littafin lakwal."

"Ni ko nan ban gani ba. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

Na dawo. Ya ƙara 'yar azurfa daga tasa don ta cika, zaki kuma ya fito, in ba ka matsa kusa ba. Sai dai a saman kan zakin ga wata 'yar huda, tsaf.

"Baba! Wa ya ce ka huda?"

"To da me za ta rataya?" ya ce, yana mamakina. "Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa sallamar kuɗin azurfa ba huda ba. Mace aka ce za a ba, ko?"

"Wannan ba a ratayawa. Ajiyewa ake yi."

"A ajiye a yi me?"

Ya yi tsaki, ya hura gawayi, ya like hudar, ya goge har ido ba ya ganin wurin. Na saka ta cikin ɗaya daga cikin robobin kwandalolin, da yanzu Gwaggo ke zuba allura a ciki, wadda na riga na sace, na naɗe da jaridar Larabci da na roƙa wajen mai tsire. A raina na ce tsohuwar da ta shafe tozon raƙumi ba za ta gane bambanci ba.

Ranar Juma'a na shigo gidan da hon, na tayar da kaji.

"Gwaggo, albishirinki! Saƙo daga bakin teku! Wani direba ya ba wani direba, shi kuma ya ba ni a tasha. Ya ce Bilal yana nan lafiya, ya yi ƙiba, har tumbi. Wayarsa ce ta faɗa ruwa."

Tana zaune a tabarma, bakwai ɗin a jere gabanta, toka a hannu. Ta goge hannun a zane. Ta karɓi ƙunshin da sauri, har jaridar ta kuɓuce mata sau biyu. A lokacin na so ƙasa ta tsage in shige, amma bakina bai tsaya ba, ina ta ba da labarin tumbin.

Ta buɗe robar. Ba ta ma kalli zakin ba. Ta rufe ido, ta sa babban yatsa ta bi gefen a hankali, yadda take bin sauran kowane mako, shekara takwas. Yatsan ya zo sama, ya wuce, ya dawo, ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

Ta buɗe ido, ta dubi hannuna na dama, inda shatin zobe ya bar fari a fata. Na tura hannun aljihu, amma na makara.

Ta ɗauki raƙumi ta saka a gidansa, ta bi da jirgi, masallaci, dabino, barewa, Malam Shiru, tsuntsu. Ta zura yatsa a na takwas ta juya, ta bar shi yadda yake. Zakina yana kan tabarma shi kaɗai.

Na ce bari in gwada ta ƙarshe. "Gwaggo, ai sabon samfuri ne. Yanzu haka ake buga su can, na masu ilimi ne. Ke fa kin shiga tarihi, duk ƙasar Tasawa ba mai irin wannan."

Ta turo mini kwandalar da bayan hannu.

"Abdulmumin har yau bai iya like huda ba. Mai da mishi, ya mai da zoben Mamudu yadda yake. Danna mini lambar, mu ji ko Madam ta sake magana."