Ranar da Na Kwashe wa Amarya Baƙi

Shekarun baya, ni ne sakataren wata ƙaramar jam'iyya a nan Minna. Kujera ɗaya tak muke da ita, ta kansila, abokina ke kai. A doka, jam'iyyar da ta kasa cin ko kansila ɗaya ana iya soke rajistarta, alamarta ta ɓace daga takardar ƙuri'a. Wato idan ya faɗi, mun faɗi.

Kafin zaɓen fid da gwani, sai an rubuta wa hukumar zaɓe rana da wuri tun makonni uku, ta turo jami'i ya shaida. In babu shaidarsa, ba mu da ɗan takara. Ni gwanin iyawa, na zaɓi Asabar ban tambayi kowa ba. Ashe ranar ce bikin 'yar shugabanmu a coci a Dutsen Kura, kuma duk mutanenmu can suka nufa, Musulmi da Kirista.

Jami'in ya iso ofishinmu na Limawa ƙarfe goma, ya tarar da mu mu uku. Ya dubi agogo ya ce, "Sha biyu zan tashi. In ba mutane, zan rubuta ba a yi zaɓe ba."

Abokina ya yi mini wani irin kallo. Wallahi gara ya zage ni.

Na kira mahaifiyata, shugabar matan jam'iyya, tana can wajen bikin. Ta ce, "Kai wane irin sakarai ne? Yanzu aka fara raba shinkafa!" Ta kashe waya.

Sha ɗaya da rabi, shiru. Jami'in ya rufe fayil.

Sai ga kekunan Napep sun shigo layin, cike da mata cikin anko, wasu da cokali a hannu. Jami'in ya ce sai mai katin jam'iyya. Na ce shi ke nan, wa ke zuwa biki da kati? Mahaifiyata ta zazzage jakarta a kan tebur. Ashe ta biya gida ta kwaso katunan, ita ke ajiye wa kowa. Aka yi layi bayan abokina, jami'in ya ƙirga, ya sa hannu.

Daga baya abokina ya sake cin zaɓen kansila, alamarmu ta tsira. Na koyi cewa ƙaramar jam'iyya ba ta da komai sai mutanenta, kuma su ma da rayuwarsu. Amma har yau kunya nake ji. Na taɓa ganin hoton amaryar tana yanka kek, bayanta kujeru ne jere ba kowa.