Ranar Da Alhaji Ya Sa Kansa A Tankin Gwaji

Ranaku da yawa na shagon nan na manta da su, wasu ma da gangan. Amma ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji, mahaifin Bashir, ya shigo mana ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya ya kamata ku ji.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, da sanyi. Ina aiki a shagon kayan nutso a unguwar Deptford ta London, irin kayan da mutum ke ɗaurawa ya shiga ƙarƙashin teku yana numfashi. Maigidana Bature ne, tsohon sojan ruwa. Ni ne na bayan shago: cika silinda da iska, wanke kaya, ɗaure jaka. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka duk yaron Bature da na koya wa aiki, kafin shekara ya zama ogana. Wannan wani zance ne.

Bashir, wani matashi da ke sayen kaya a wurinmu, ɗan masu kuɗin Kano ne, a London aka haife shi. Yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Da ya gama jami'a sai ya ce zai yi shekara guda yana yawon nutso a tekuna, da kuɗin da ya tara da kansa, ba taro ba sisi na ubansa. Ya yi booking ɗin jirgi mafi arha, jaka ɗaya tal aka yarda masa ban da ta hannu. Ni kam raina na yi masa. Na ce ɗan gata ne ke wasa da wahala.

Ɗaurin irin wannan jaka yana da ƙa'ida. Ba a tafiya da silinda, ba a tafiya da dalmar da ke nutsar da mutum. Can ake hayarsu. Rigar roba nannaɗe ta ake yi, in ka ninke ta sai ta tsage a kan layin. Tabarau na ruwa a cikin takalmin nutso ake cusa shi, kada ya fashe. Abu mafi girma shi ne regileta, wato bututun da ake ɗaurawa a silinda a kama bakinsa da haƙori a shaƙi iska. Ita ba ta shiga babbar jaka, a hannu ake riƙe ta. Kuma kafin ta bar shagonmu sai mai ita ya gwada ta a tankin ruwa da ke bayan shago, wanda ya kai ƙugun mutum.

Ana gobe tafiya Bashir ya zo ɗaukar kaya, sai ga uban a bayansa: dattijo, babbar riga fara ƙal, gemu ya yi furfura. Da ya ji ina Hausa ya ja ni gefe, ya tambayi sunana da garinmu. Irinsu ba sa tambayar sunana sai da dalili.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, taimako ɗaya za ka yi mini. Ka ce regiletar nan ta lalace, sai an yi wata ana gyara. In aka yi cancel ɗin tafiyar, sauran ni na san yadda zan yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan zai tafi ko da ita ko babu. In na riƙe wannan, can zai yi hayar wadda ba wanda ya san rabon da a buɗe ta. Wannan kuwa a gabana aka gyara ta."

Ba don kirki na faɗa ba, gaskiyar aikin ce kawai. Na ɗauka zai zage ni, ko ya kai ƙarata wurin maigida. Sai ya juya yana kallon tankin. Can ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa ƙanensa a kududdufi ya mutu suna yara, a gabansa, shi yana tsaye a bakin ruwa. Tun daga ranar ruwa bai sake wuce masa idon sawu ba, ko a kwamin wankan flat ɗinsa ba ya zama.

Sannan ya ce in kawo abin, shi zai gwada.

Na je na gaya wa maigida. Ya dubi tsohon, ya dubi ɗan, ya ce in dai ina riƙe da silinda ba laifi. Bashir ya shiga magiya da Turancinsa, yana cewa ba sai an yi haka ba. Uban ko kallonsa bai yi ba. Ya cire hula ya miƙa masa, ya tuɓe babbar rigar, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Na sa masa tabarau, na nuna masa yadda zai ciji robar bakin regiletar, na ce da baki kaɗai zai shaƙa, kada ya riƙe numfashi. Ya ƙanƙame bakin tankin da hannu biyu.

Ya yi bisimilla ya sunkuya. Fuskarsa na taɓa ruwa ya ɗago a firgice yana tari. Na ce a raina shi ke nan. Bashir ya kama kafaɗarsa, uban ya ture hannun. Ya mayar da robar baki ya sake sunkuyawa, wannan karon har ƙeyarsa ta ɓace.

Kumfa ya taso. Ya tsaya. Ya sake tasowa. Ina riƙe da silindar ina jin kowane jan iska a tafin hannuna, da farko da sauri kamar na wanda aka koro, sannan ya fara lafawa, har ya koma irin numfashin mai barci. Yatsunsa da suka ƙanƙame bakin tanki suka saki ɗaya bayan ɗaya. Maigida, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya kashe rediyo. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san abin da mutumin nan yake kallo a cikin ruwan ba gindin tanki ba ne.

Da ya ɗago, ruwa na zuba daga gemunsa, ya cire robar daga bakinsa. Sannan ya juya wurin ɗansa.

"Akwai iska a ciki," ya ce. "Allah Ya kiyaye hanya."

Na gaya masa ba a ɗaure regileta a jiƙe, sai ta bushe. Ya karɓe ta daga hannuna, ya zauna a kan akwatin katako, ya ɗauki babbar rigar nan tasa mai tsada ya dinga goge regiletar da ita lungu-lungu. Ni na ɗaure babbar jaka, shi ya ɗaure ta hannu, bai bar kowa ya taɓa ba.

Aikin nan bai ba ni muƙami ba, bai ba ni gida ba, ciwon baya kaɗai ya bar mini. Amma ya koya mini cewa duk jakar da ka ɗaure, akwai wanda aka bari a gida da numfashinsa ke cikinta. Tun daga ranar, duk wanda ya rako matafiyi ina tambayarsa ko zai gwada tankin. Matan aure sun zo, iyaye sun zo, abokai sun zo. Dariya suke yi su ce a'a. Ni kaina da nake tambayar, har na bar shagon ban taɓa sa fuskata a ruwan nan ba.